Tamanin da Bakwai

Sha ɗaya da kwata na dare
wayata ta girgiza a ƙarƙashin bargo.
Dokta Gyang ne, layi biyu kacal:
gwajin Alhamis ya dawo gobe,
takwas na safe, ɗakin kwamfuta na biyu.
Ki sanar.

Ki sanar, kamar mai cewa miƙo mini gishiri.

Mu tamanin da bakwai ne a aji.
Ranar zaɓe ban ɗaga hannu ba,
na sunkuya ne ina ɗaure takalmi,
na ɗago na tarar an naɗa ni wakiliya.
Tun ranar nake aikin zakara:
in na yi cara a tsine mini,
in na yi shiru a ce na makarar da gari.

Wuta ta yi ƙaura tun la'asar,
caji saura sha biyu cikin ɗari,
data kamar man gyaɗa a gindin kwalba.
Na tura.
Amsa ta fara zuba kamar ƙanƙara a kan kwano.
Nanret ta ce ƙarya ne.
Habila na tambaya ko har da babi na shida.
Shamsiyya ta aiko fuskar kuka guda tara.
Wata lamba da ban sani ba ta ce Allah ya isa.
Jama'a, ni bututu ce,
ku je ku yi faɗa da rijiya.

Na bi sunaye da ɗan yatsa, ina hamma.
Tamanin da shida sun gani.

Saura Mudassir.
Ran Juma'a aka zare masa waya cikin keke a Farin Gada,
shi da ke gyaran na mutane a Taminas
yau ba shi da ko ta haska hanya.
Shi ya zauna da ni a gindin dutsen Naraguta
ya warware mini yadda umarni ke zagayawa
yana komawa farko, yana komawa farko,
ba ya tsayawa sai sharaɗi ya cika.
Na juya dama, na juya hagu.
Tamanin da shida ba tamanin da bakwai ba ne.

An koya mana a zangon farko
yadda saƙo ke yanka kansa gunduwa-gunduwa,
ya bi igiya ta ƙarƙashin teku
ya haɗe a wata ƙasa kafin ƙiftawar ido.
Ba wanda ya koya mana yadda yake tsallaka kwata
a Unguwar Rogo, da asuba, cikin yayyafi,
sanye da rigar sanyi biyu,
a layin da kawuna ya ce kada in taɓa takawa.

Mai shayi ya nuna mini ƙofa da cokali.
Tsohuwa ta buɗe, ludayi a hannunta,
ta dube ni daga ɗankwali har taɓon ƙafa.
Na ce Rifkatu ce, daga makaranta.
Ta ce shigo, 'yar nan, sanyin Jos ba ya tambayar suna.
Na sha kunun gyaɗa a tsaye
shi kuma yana neman safa ɗaya da katin shaida.

Takwas saura biyar muka iso, a jiƙe.
Ƙofa a garƙame.
Mutum tamanin da bakwai a baranda, kowa da jan ido,
wasu na haddar abin da ba ya haddatuwa.
Wayata, da numfashinta na ƙarshe, ta girgiza:
janareto ba mai, a bar shi Alhamis.
Ki sanar.
Sai ta mutu.

Na hau kan bulo, na tafa sau biyu.
Suka juyo gaba ɗaya.
Ban taɓa samun layi mai kyau haka ba.